Injin tafiya na cikin ɗaki: wanne zai jure wutar Maradi da ƙurarta?

Likita ne ya ɗora wa yayata Hajiya tafiyar rabin awa kullum, saboda hawan jini da sukari da suka fara yi mata sallama tare. Faɗar abin ba wuya. Amma macen aure mai shekara hamsin da 'yan kai, a unguwar Zariya, ina za ta bi ta yi wannan tafiya? Layinsu yashi ne har idon sawu, bakin kwalta kuma kabu-kabu da adaidaita ba sa raga wa kowa. Ta gwada zagaya tsakar gida, kwana huɗu ta ce jiri take ji kamar jakin da aka ɗaure a turke. Daga nan maganar injin tafiya ta taso, wanda 'yan boko a nan ke kira tapi, 'yan kasuwar Kano kuma tiredimil. Ɗanta na biyu, da ke shirin shiga layin ɗaukar soja, yana jin haka ya ce shi ma zai riƙa gudu a kai. Sai sayayyar ta zama ta mutum biyu masu buƙata daban, kuɗin kuma na aljihu ɗaya. Ni aka ɗora wa yawon dubawa, na kuwa duba.

Masu sauƙin kuɗi da za ka tarar iri uku ne. Akwai wanda ba ya amfani da wuta sam, ƙafarka ce ke tura tabarmar, wato baƙar shimfiɗar roba mai zagayawa da ake takawa. Akwai ɗan shimfiɗaɗɗe mai ƙaramin moto, wanda ake turawa ƙarƙashin gado idan an gama. Sai mai naɗewa, mai hannuwa biyu da allo a gaba, irin wanda ake gani a gidajen motsa jiki amma ƙaninsa. Gefe guda kuma ga na hannu, wato manyan injuna da suka gama aiki a Turai ko Amurka aka kwaso su, wanda shi ma wani lokaci kuɗinsa ke sauka daidai da sabon mai naɗewa.

Duk wanda ya san halin wutarmu, zuciyarsa marar wutar za ta fara zuwa. Tawa ma haka ta yi. Yankinmu da na Damagaram daga Najeriya ake jawo mana mafi yawan lantarki, ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma wanda ya zauna a garin nan daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da aka yanke layin, ba sai an yi masa bayanin darajar abin da ba ya neman wuta ba. Shi ne kuma mafi araha, ba moto da zai ƙone, ba ƙwaƙwalwar lantarki da za ta lalace.

To amma ka hau shi tukuna. Tabarmarsa ba ta motsi sai ka tura ta baya da ƙafa, don haka ake yin sa da ɗan gangare, gaba ya fi baya tsayi, domin nauyinka ya taimaka. Sakamakon shi ne kullum hawa kake yi, kuma dole ka riƙe ƙarfen gaba da hannu biyu ka ɗan sunkuya, kamar mai tura baro. Da ka sassauta sai ta tsaya cak, da ka ƙara ƙarfi sai ta fizge. Tafiyar ba ta zama irin wadda jiki ya saba, gwiwa da ƙugu su ke biyan bashin. Na kai Hajiya ta gwada wani a gidan ƙawarta, ko minti biyar ba ta cika ba ta sauko tana cewa, "Ƙanena, wannan ai surfe ne da ƙafa." Ƙawar tata ma shanya tawul take yi a kansa. Gudu kuwa a manta da shi. Akwai wani marar wuta mai lanƙwasa kamar kwale-kwale da 'yan wasa ke gudu a kai da daɗi, amma kuɗinsa ya ninka na mai moto, ba ya cikin hirar masu neman sauƙi. Ban ce marar wuta ba shi da mai shi ba: saurayi mai ƙarfi da ke zaune inda wuta ba ta kai ba, yana son zufa ta minti goma sha biyar, zai iya morarsa. Dattijuwa mai ciwon gwiwa kuwa, kuɗinta za ta zubar.

Ɗan shimfiɗaɗɗen shi ne mai jan ido. Nauyinsa kilo 20 zuwa 30, mace ɗaya za ta ja shi, ba ya cin wuri, ƙararsa kaɗan. Yawancinsu iyakar saurinsu kilomita 6 a awa, kuma wannan ya wadaci mai tafiya, tunda tafiyar yau da kullum tana tsakanin 4 da 5, mai kuzari kuma 5 da rabi zuwa 6 da rabi. Wutar da yake ja kaɗan ce, wat 300 zuwa 500 idan ana tafiya a kai, abin da sola ta gida mai ɗan ƙarfi ko ƙaramin janareta zai ɗauka. Aibinsa biyu ne. Na farko, da yawansu ba su da abin riƙewa, sai ɗan rimot a hannu. Ga matashi ba komai, ga wanda ke shan maganin hawan jini da kan sa jiri idan an miƙe ko an tsaya kwatsam, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan shi za ka saya wa babba, nemi mai ƙarfen riƙewa da ake ɗagawa. Na biyu, tabarmarsa gajeriya ce: faɗi wajen santimita 38 zuwa 40, tsawo mita ɗaya ko da 'yar ɗoriya.

Wannan tsawon tabarmar shi ne abin da na fi so mai saye ya riƙe, don shi ne ba a gyarawa bayan an biya kuɗi. Takun mai tafiya bai cika wuce santimita 70 zuwa 75 ba, ƙafa ɗaya kuma kullum tana ƙasa, saboda haka mita ɗaya ya ishe shi. Mai sassarfa a kilomita 8 ko 9 takunsa na kusantar mita guda, yana ɗan tashi sama, kuma idan ya gaji yana zamewa baya ba tare da ya sani ba. A kan tabarmar mita ɗaya, zamewar taƙi guda ta isa ta sa diddigensa ya faɗa bayan injin. Shi ya sa ban yarda da waɗanda ake talla da cewa biyu ne a ɗaya ba, wai ka ɗaga ƙarfe ya koma na gudu har kilomita 10 ko 12. Moton zai iya juyawa da wannan saurin, amma filin bai ƙaru ba. Mai son gudu, ko da na koyo ne, ya nemi tsawon santimita 120 aƙalla da faɗin 42 zuwa 45. Dogon mutum, wanda ya haura mita ɗaya da 80, ya nemi 130 ko 140. Ka tafi da awonka na tela a aljihu, ka auna baƙar tabarmar da ake takawa, ba jikin injin ba, don wasu kwalaye tsawon injin gaba ɗaya suke rubutawa.

Mai naɗewa shi ke ba da wannan fili. Yana da nauyi, kilo 45 zuwa 70, nauyin kuma alheri ne, don shi ke hana shi rawa idan ana gudu. Saurinsa kan kai 12 ko 14, yana da hannuwa a gefe, yana da maɓallin tsaro mai maganaɗisu da ake maƙala igiyarsa a riga, wanda da ka zame ya fizge injin ya mutu. Masu arahar cikinsu gangarensu na hannu ne, ka sauka ka daidaita ƙafafun baya zuwa mataki biyu ko uku. Ni na fi son haka, don gangare mai maɓalli moto ne na biyu, abin lalacewa na biyu ke nan. Kuɗinsa kan kai ninki biyu na ɗan shimfiɗaɗɗen, wurin da yake ci kuma ya fi yadda hoton ke nunawa: bayan tsawonsa, ana so a bar fili kamar mita biyu a bayansa ba bango ba kujera, saboda wanda ya faɗi baya yake wurgawa. Kafin ka je kasuwa auna ɗakin.

Yanzu maganar doki. Kowane kwali da ka duba za ka ga an rangaɗa lamba, ƙarfin doki 2.5, 3, har 4. Doki ɗaya wat 746 ne. Ke nan doki 3 ya haura wat 2,200. Ka juya bayan injin, kusa da inda wayar wuta ta shiga, akwai 'yar takarda da ke faɗin wutar da yake ja. Idan ka ga wat 600 ko 750, ka san dokin nan uku na baki ne, ƙarfin da moto ke iya yi na ƙiftawar ido ne kafin ya yi zafi. Abin tambaya shi ne ƙarfin da yake riƙewa yana ta aiki ba tsayawa. Ga mai tafiya, doki ɗaya zuwa ɗaya da rabi na gaskiya ya yi. Ga mai koyon gudu, kusa da biyu ya fi kwanciyar hankali. Na tambayi wani mai shago wannan, ya ce, "Alhaji, abin da ke jikin kwali shi muka sani." Bai yi ƙarya ba, shi ma sayowa ya yi.

Akwai wani abu da ya saɓa wa tunani, wanda mai gyaran fanka da injin wanki na unguwarmu ya fahimtar da ni. Ana ɗauka gudu ke kashe moto, tafiya kuwa hutu ce. Ba kullum ba. Ƙaramar fankar da ke sanyaya moton a jikin sandarsa take, tare suke juyawa. Mutum mai nauyi yana tafiya a hankali a kilomita 3 ko 4, ƙafarsa na daɗewa tana danne tabarma a kan katakon da ke ƙarƙashinta, moto na jan wuta da yawa, fankar kuma a hankali take kaɗawa. Ƙara da ɗakin kwano a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin waje ma ke haura digiri 40. Nan ne ƙananan shimfiɗaɗɗu ke fara warin roba. Don haka idan an rubuta yana ɗaukar kilo 100, kada mai kilo 95 ya ce ya tsira. A bar ratar kilo 15 zuwa 20. Kuma idan mutum uku za su hau bi da bi, a bar shi ya huce tsakaninsu.

Wuta kuwa ba ɗaukewarta kaɗai ce matsala ba. Ɗaukewa na da nata haɗarin: kana cikin gudu tabarma ta tsaya, jikinka ya yi gaba, sai hannuwan injin su tare ka, wani dalilin ke nan da ya sa mai hannuwa ya fi. Amma abin da ke kashe injin shi ne dawowarta da ƙarfi, ko zamanta ƙasa-ƙasa da yamma lokacin da kowa ya kunna abin sanyi. Ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashin murfin gaba, wadda ke juya wutar gida bolt 220 zuwa irin wadda moto ke ci, ita ke fara mutuwa, kuma samun irinta a nan sai an aika Kano ko an jira daga Sin. Saboda haka na'urar daidaita wuta, regilater, ba ƙari ba ce, cikin kuɗin injin take. Ka nemi wadda ƙarfinta ya ninka abin da injin ke ja. A jona shi a soket na bango kai tsaye, ba a siririyar wayar jone-jone da ke ɗauke da firiji da talabijin ba, a kuma zare shi idan an gama. Mai sola ya duba inbatarsa: wadda ke ba da wuta mai tsabta irin ta layi ake so, ta arahar da ke sa fanka gurnani tana wahalar da ƙwaƙwalwar, kuma a lokacin tashi injin na jan abin da ya fi na tafiyarsa.

A nan ne na hannu ke da tarko. Injin da ya fito daga Turai wutarsa ɗaya da tamu. Wanda ya fito daga Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, ka cusa shi a bango sau ɗaya ka yi masa jana'iza. Ana iya haɗa shi da babbar taransifoma, amma kuɗinta da nauyinta sun cinye ribar. In ka dace da na Turai mai lafiya, ƙarfensa da motonsa da faɗin tabarmarsa sun fi na sabon mai araha nesa ba kusa ba. Sai dai kada a yi cinikin biri a sama. Ka sa a kunna, ka hau a mafi ƙanƙantar sauri ka ji ko tabarmar na tsayawa duk lokacin da ka taka. Ka yi minti goma a kai, ka taɓa murfin moto, ka shinshina. Ka cusa hannu ƙarƙashin tabarma bayan an kashe, ka shafa katakon: idan ya yi kwari ko kaushi a tsakiya, ya ci zamaninsa. Ka fizge maɓallin tsaro ka ga ko ya tsaya. Mai kayan da ya hana ka wannan gwajin ya ba ka amsa ke nan. Ko sabo ne ma, in ta Jibiya da Ɗan Isa ya shigo, takardar garanti a wancan gefen iyaka ta tsaya. Ba wanda zai sake ɗaukar kilo 60 zuwa Kano saboda ƙwaƙwalwa. Gara wanda aka buɗe aka gwada a gabanka ko da da ɗan ƙarin kuɗi. Wanda ya shigo ta Najeriya kan wayarsa ma irin na Ingila ne mai ƙafa uku, sai an canza masa kai mai kyau, ba a dinga soka shi da tsinke ba.

Ƙura ita ce abokiyar gaba ta biyu, kuma a nan duka ukun ɗaya suke. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na shiga ko ta ƙofar allura. Ƙurar na zama tsakanin tabarma da katako ta haɗu da mai ta zama kamar takardar gurza, gogayya ta ƙaru, moto ya ja wuta, ƙwaƙwalwa ta ƙone. Kada a ajiye shi a tsakar gida ko a rumfa. Ɗaki mai siminti ko tayil, a daidai, a rufe shi da tsohon zanen gado. A ware masa takalmin kambas da ba a fita waje da shi, don yashin tafin takalmi ya fi hazo ɓarna. Man da ake sa masa na silikon ne kawai, 'yar kwalba takan zo cikin kwalin, ana ɗaga gefen tabarma a ɗiga a kan katako. Baƙin mai, giris, man keken ɗinki, man gyaɗa, duk suna cinye robar. Takardun injin kan ce duk wata uku; a garin nan, lokacin hunturu, ka riƙa shafawa da hannu duk wata ka ji ko ya bushe. Idan tabarma ta karkace gefe, kusoshi biyu ne a baya, a ƙara ɗaure na ɓangaren da ta karkata kwata ɗaya kawai, a jira a gani.

Yara. Gidajenmu ba gidajen mutum biyu ba ne, kuma yaro bai ga abin wasa da ya kai wannan ba. Bayan injin, inda tabarma ke juyawa ta koma ƙasa, yana kama yatsa ya sale fata cikin daƙiƙa. A Amurka a 2021 kamfanin Peloton ya janye wani samfurin injinsa daga kasuwa bayan yaro ɗan shekara 6 ya rasu, wasu da dama suka ji rauni, kuma injin mai tsada ne ba na araha ba. A wannan fanni mai naɗewa ya fi, don ba ya tashi sai da maɓallinsa, a cire a ɓoye shi ke nan. Ɗan shimfiɗaɗɗe yana ƙasa daidai hannun mai rarrafe. Bayan injin nan ne kuma ke kama bakin zane da dogon hijabi, saboda haka mace ta sa wando ko ta ɗaure zanen ya tsaya sama da idon sawu.

Wani ɗan tarihi da ya ba ni dariya: kakan wannan injin a gidajen yarin Ingila aka fara shi, wani injiniya William Cubitt ya ƙera shi a 1818 don fursunoni su yi ta takawa suna niƙa hatsi. Wanda ya yi minti ashirin yana kallon bango a ɗaki marar iska zai gane dangantakar. A waje iskar tafiyarka ke busar da zufa, a kan inji ba ka zuwa ko'ina, zufar zama take. Fanka a gabanka wajibi ce, ruwa a kusa, rediyo ko karatu a kunne. Allon da ke ƙirga kitsen da ka ƙona da ƙarfen da ke auna bugun zuciya a tafin hannu kuwa, ƙiyasi ne kawai, kada ka ƙara ko dala saboda su.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke nema ga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato wanda kana iya hira amma ba ka iya jan dogon baiti. Rabin awa sau biyar ya cika ƙaramin adadin, kuma kowane mai moto cikin biyun zai ba ka shi. Ga mai fara gudu, tsarin da aka fi sani na mako 9 ne, sau uku a mako, ana farawa da sassarfar minti ɗaya da tafiyar minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa, har a kai gudun rabin awa ba tsayawa. Wannan hawa da sauka na sauri ya fi sauƙi a injin da maɓallansa ke gabanka fiye da mai rimot. Mai ciwon zuciya, ko wanda ke jin nauyi a ƙirji idan ya yi sauri, ya ga likita kafin ya ga mai shago. Mai sukari kada ya hau da yunwa bayan ya sha magani, ya kuma riƙa duba tafin ƙafarsa. Da azumi, bayan asham ya fi.

Sai zaɓin da mai shago ba zai faɗa maka ba, wato kada ka saya. Namiji mai lafiya da zai iya fita bayan asuba ya bi gefen filin wasa ko hanyar da ta yi wajen jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, takalmi mai kyau ya fi masa inji. Ɗan Hajiya ma na gaya masa gaskiya: ranar gwajin soja ba tabarma ce za ta riƙa gudu a ƙarƙashinsa ba, ƙasa ce da rana, dole rabin horonsa ya zama a waje. Injin na wanda fita ke yi wa wuya ne: matan gida, tsofaffi, mai shagon da ba ya tashi sai dare, mai asma a kwanakin hazo.

Da Hajiya ce kaɗai, da ɗan shimfiɗaɗɗe mai ƙarfen riƙewa na saya, ragowar kuɗin ya tafi ga regilater da fanka. Da yake akwai mai gudu a gidan, ga jikoki huɗu, mai naɗewa muka ɗauka, tabarmarsa 125 da 44, gangare na hannu, allonsa lambobi ne kawai. Tana hawa bayan ta idar da azkar na safe, kafin kwano ya ɗau zafi, a kilomita 4 da rabi, yanzu ta fara taɓa 5. Sau biyu wuta ta ɗauke tana kai, hannuwan suka tare ta. Maɓallin tsaron kuwa ta ɗaure shi cikin makullan ɗakin ajiyar hatsi, waɗanda ba sa barin haɓar zanenta.